Tuffar Athol

Glenys Direen ta dawo daga Hobart da auduga a ido ɗaya, an cire mata yanar ido, kuma da ɗayan idon ta ga abin da aka yi mata. Bishiyar tuffar da ke bayan kicin ba ta nan. Sai kututture fari tas da garin katako a kan ciyawa.

Gidan kuwa an gyara shi tsaf saboda sanyi. An kwashe ganyen da ya cika indararo, an toshe kafofin tagogi, an lulluɓe ɗan lemon tsaminta da buhu kada ƙanƙarar asuba ta ƙone shi. Itacen wuta an jera shi har rufin rumfa. Aikin ɗanta Warwick ne, ta san hannunsa. A ƙarshen jerin ga ɗanyen itace an faskara, yana wani ƙamshi da ta sani. 'Ya'yan tuffar an tsinke su an zuba a kwalaye a bakin ƙofa, wato an yanka mata saniya an ajiye mata nonon.

Wannan bishiya ba irin ta kowa ba ce, duk da kwarin Huon, inda take zaune, tuffa ce ko'ina. Marigayi mijinta Athol ne ya tsinci uwar a bakin hanya, ta fito da kanta, ba ta da suna. Ya yanko reshe ya aura shi a kan wata saiwa a bayan kicin, shekarar da aka haifi Warwick. Da aka zo faɗaɗa hanya aka tuge uwar. Saura wannan ɗaya. Ita ce ke nuna a ƙarshe, sai watan Mayu, ƙarshen kaka a can, ɗanyarta tsami kamar me, amma a tanderu ba ta narkewa, sai ta yi zaƙi tana nan da jikinta. Kowace kaka da ita Glenys ke gasa kek, ta raba wa rabin unguwa.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta buga masa waya. Ya fara jero mata dalilai, da gani ya shirya su: saiwar ta shiga bututun ruwa, inuwar ta sa bangon kicin yin funfuna, likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki wani sanyin a cikin danshi ba. Ya ce ai kututturen zai tsiro.

"Abin da zai tsiro daga ƙasan aure ba tuffar ubanka ba ce, kai ma ka sani. Ina rassan?"

Ya ce suna gonarsa. An ɗage dokar hana kunna wuta, yau da rana zai ƙone sharar gona, ya ma gayyaci maƙwabta gashin nama. In tana so ya zo ya ɗauke ta da yamma.

An hana ta tuƙi har sai an cire audugar. Ta ɗauki mabuɗi. Motar ta yi ta cin gefen hanya, ita kuwa hayaƙin da ke tashi bayan tudu kawai take kallo, tana zagin Warwick, tana zagin likita, har Athol bai tsira ba, da ya mutu ya bar ta da mai hankalin zarto.

Ta tarar an riga an kunna. Tulin ya fi mutum tsayi, ƙaya da tsofaffin turakun shinge da busasshen ganye, mutane sun zagaye shi da kwalabe a hannu. Wani tsoho mai suna Merv, abokin Athol, ya tambaye ta da dariya ko kek ta kawo ko faɗa. Ta ce masa ya matsa da tumbinsa, yana tare mata hanya. Kerryn, matar Warwick, ta taho da kujera tana cewa Mama ta zauna, hayaƙi ba shi da kyau ga idon. Glenys ta wuce ta, ta ɗauki manjagara.

Rassan tuffar suna ta ɓangaren da iska ke kaɗa wutar. Ta kai manjagara ta jawo, zafi ya mare ta a fuska, audugar ta ɗauki wari. Warwick ya riƙe mata hannu.

"Mama, za ki ƙone. Gobe zan saya miki biyu a wajen masu dashe, duk irin da kike so."

"Ubanka ma suna sayar da shi a can?"

Babu wanda ya ƙara dariya. Warwick ya karɓi manjagarar, ya ja rigarsa ya rufe hanci, ya shiga hayaƙin. Ya fito da wani babban reshe yana ci da wuta, ya tattake shi, ya koma. Karo na uku gashin hannunsa ya babbake, Kerryn ta ce ya isa haka.

Glenys ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta karɓi wuƙar Merv. Tsiron bana take nema, mai kaurin fensir. Ta riƙa kankare ɓawo da bakin wuƙa tana kai shi kusa da idonta mai gani. Wannan ya dahu. Wannan ya bushe, don an kwana biyu da sare su. Ta yi ta jefarwa. Daga ƙarshe ta ware 'yan sanduna uku masu ɗan kore a ƙarƙashin ɓawo, ɗaya ma ba ta yarda da ita ba.

Ta miƙe da ƙyar, ta ƙi hannun da aka miƙo mata. A gaban kowa ta gaya wa Warwick abin da take so. Ba ban haƙuri ba, ya riƙe abinsa. Hannunta rawa yake yi yanzu, ba za ta iya yankan aure ba, shi kuwa ubansa ya koya masa tun yana yaro. In Satumba ta yi, shi zai aura sandunan nan a kan wannan kututturen da ya bari, ba wani wuri ba. Bututu da bango kuwa, ya san yadda zai yi da su.

Ya tambaya a hankali, in ba su kama ba fa?

"Sai ka zauna da hakan. Ni ba ni da sauran shekaru da yawa, kai ne mai su."

Shi ya tuƙa ta gida. Ta naɗe sandunan a jiƙaƙƙiyar jarida, ta sa a leda, ta ajiye a ƙasan firji. Sannan ta kunna tanderu ta jawo kwali ɗaya. Yana tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙone, ta tura masa kwano da wuƙa ta ce ya fere ɓawon da siriri, kada ya yi mata ɓarna, babu wasu bayan waɗannan.

Ta taga ana hango kututturen. Yanzu da babu inuwar, haske ya yi yawa a kicin ɗin, har yana damun idonta.