Ƙulli Huɗu

Hajjo ta tura kwandon zaren can ƙarƙashin gadon haihuwa, ta jawo wani tsohon kwali ta tare shi, sannan ta koma bakin ƙofa ta leƙa ta ga ko ana hango shi. Ba a hangowa. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba.

Shekara tara ke nan tana majo a wannan ƙaramar likita, wato asibiti, ta wani gari da ke kudu da Dogo. Ita ce shugaba, ita ce mai allura, ita ce ungozoma in ta kama. Jiya da la'asar aka kira ta daga Mirriya aka ce gobe wani zai zo daga Damagaram yin anket, wato bincike, aka kashe waya. To, ita dai Hajjo anket ɗin da ta sani a duniya na jandarma ne: a zo da mota, a yi tambayoyi, a rubuta, bayan sati biyu ka ji an ɗauke mutum daga wurin aikinsa. Kuma ta san laifinta sarai.

Laifin zare ne. Matan garin ba su karanta kwanan watan da take rubuta musu a karne, wato katin asibiti, sai su ajiye takardar a cikin kwalla su manta, yaro ya tsallake allurar rigakafi. Da abin ya ishe ta, sai ta fara ɗaura zare a jikin karnen kowace mace, ta yi masa ƙulli. Duk ranar Talata, ranar kasuwar garin, mace ta kwance ƙulli ɗaya. Ranar da ta kwance na ƙarshe, ta biyo ta likita kafin ta shiga kasuwa. Jan zare na allurar yara ne, fari na awon ciki, baƙi na tsofaffin da take auna wa hawan jini. Bara wani babba ya zo rangadi ya gani, ya ɗaga karnen da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya ce nan likita ce ko gidan boka? Ya ce in ya sake ganin wannan layar, zai tura ta inda ko waya ba ta kamawa. Ta ce to. Motarsa na ba da baya ta ci gaba da ƙullinta.

"Baba Modu!" ta kira tsohon gardi, mai gadin likitar. "Ka tsaya a bakin ƙofa. Duk wadda ta zo, ta cire zaren ta soke a zani. Kuma kada in ji wata ta ambaci zare yau."

"Majo, ke da kanki?"

"Ni da kaina. Kai, tsaya ma. Yaya aka yi suka san ranar Talata mata ke cika nan? Wa ka gaya wa?"

Baba Modu ya kama haɓa. "Ni? Wallahi ko hanyar Mirriya rabona da ita tun azumin bara."

Ta kalle shi ta gefen ido. Ba ta ce ta yarda ba.

Da hantsi farar mota ta tsaya. Wani siririn mutum ya fito, da tabarau da jaka, yana ta murmushi. Hajjo ta tsani murmushin nan take. Mai zuwa da alheri ba ya buɗe haƙora haka tun daga mota.

"Sannu da aiki, Majo. Sunana Mutari. Muna anket ne a kan rigakafi a ƙananan likitoci, yadda za a gyara aikin."

"A gyara," in ji Hajjo. "Wato ya lalace ke nan."

"A'a, ba haka nake nufi ba. Ai anket iri biyu ne. Akwai na neman mai laifi, akwai na neman sani. Namu na neman sani ne, ba ma ko rubuta sunan mutum."

"To, madalla, Mushe," in ji ta, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. "Ga kujera."

A ranta ta ce, wane mai kama mutum ne ya taɓa cewa kamu ya zo yi? Kuma in ba ka rubuta suna ba, majo nawa ne a garin nan?

Ya zauna a lungu da littafinsa a cinya. Hajjo ta shiga aiki irin wanda ba ta taɓa yi ba don tsari. Ta wanke hannu har sau biyu. Ta auna yaro, ta yi allura, ta rubuta kwanan wata da Faransanci ɓaro-ɓaro, ta ɗaga murya don baƙo ya ji: "Ki dawo ran goma sha huɗu ga watan gobe." Mace ta karɓi karne, ta juya shi gaba da baya, ta dubi Majo, Majo ta zare mata ido, ta fita sum-sum. Haka ta biyu, haka ta biyar. Duk wadda ta fita sai Hajjo ta kau da kai, ta kira ta gaba.

Maryama ce ta kusa tona asiri. Yarinyar haihuwar fari ce, daga wata ruga can bayan tafki, da jaririnta ɗan sati shida. Aka yi masa allura ya tsanyara kuka, ta goya shi, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Majo, ba ki ba ni ba."

"Na ba ki mana. Ga karnenki a hannunki."

"A'a, za..."

Hajjo ta yi tari mai ƙarfi. "Zazzaɓi? In ya yi zazzaɓi ki ba shi nono sosai, zai sauka. Jeki, akwai mutane a bayanki."

Maryama ta fita tana waiwaye. Alƙalamin Mutari ya motsa a kan takarda. Me ya rubuta? Hajjo ta miƙa wuya kamar tana neman auduga, amma rubutun mutumin ƙanana ne kamar ƙafar kiyashi, ba ta tsinci komai ba.

Ya yi ta tambaya tsakanin mace da mace. Kina aika musu saƙo ta waya? A'a. Mai gari yana sa a yi shela? A'a. Liman yana faɗa a masallaci? Wani lokaci. To, me kike yi na daban? Ba komai, Mushe, yadda aka koya mana a lakkol, makarantar aikin jinya, haka nake yi. Kowace amsa sai ta auna ta kafin ta saki, kada a sami inda za a kama.

Da azahar mata suka ƙare, ya roƙi rajista. Ya daɗe yana buɗe shafuka, yana bin layi da yatsa. Murmushin nan ya tafi. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Majo, bari in gaya miki gaskiyar abin da ya kawo ni. Likita goma sha biyu muke dubawa. A sauran, cikin yara goma da aka fara wa allura, biyar ko shida ke dawowa har a gama. A nan rajistarki ta ce tara. Shekara huɗu a jere, tara. Shi ya sa na zaɓi ranar kasuwa, don in ga aikinki da mutane da yawa, in gano sirrin mu kai wa sauran."

Daɗin baki, Hajjo ta ce a ranta. Haka ake yi wa kaza tsaba kafin a cafke ta.

"Amma tun safe nake zaune, ban ga komai ba. Abin da kike yi shi ake yi a ko'ina. Na ma tsaya na tambayi mata uku a waje yaushe za su dawo, babu wadda ta sani." Ya rufe rajistar a hankali. "Shugabar aikinmu tun farko ta ce wannan lissafin ya cika kyau. Ta ce wataƙila a kan tebur ake cika shi. Na yi mata musu. Yanzu ban san me zan rubuta ba, sai abin da na gani."

"A kan tebur?" Muryarta ta tashi ba ta sani ba. "Ni? Ni zan zauna in ƙirƙiro yaran mutane? Kowane suna da ke cikin littafin nan na san uwarsa, na san gidansu, na san cinyar da na soka wa allura!"

"To, ki taimake ni in gane."

Wallahi abin ya yi mata zafi, har idonta ya ciko. In ta fito da zare, boka ce. In ta ɓoye, maƙaryaciya ce. Kuma wa ya sani ko duk zancen nan tarko ne, wancan babban ne ya turo shi ya lallaɓa ta har ta fito da kwandon da hannunta?

Suna cikin haka sai hayaniya a bakin ƙofa. Baba Modu yana cewa, "Iya, an tashi, ki dawo gobe," wata murya kuma tana cewa ya matsa ya ba ta wuri tun ba ta maka masa sanda ba. Iya Hasana ce, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda kunnenta ya yi nauyi, ga taurin kai. Ta shigo da Maryama a bayanta, ashe jikarta ce.

"Ke Hajjo! Yarinyar nan ta same ni a kasuwa tana kuka, wai kin hana ta zare. Me ta yi miki? Duk kasuwa zancen ke nan, wai yau Majo ba ta ƙulla wa kowa ba. In ba a son su dawo ne, a faɗa musu mana!"

Hajjo ta yi mata alama da ido. Ina! Iya Hasana ta kwance bakin zaninta ta zaro baƙin zare mai ƙulli biyu, ta kaɗa shi a gaban hancin baƙon.

"Kai ne babban da ake ɓoye wa? To, ga nawa, saura kasuwa biyu in zo a matse min hannu. Ba na cirewa. Ka je ka faɗa."

Mutari ya kalli zaren, ya kalli Hajjo. Hannunsa ya nufi alƙalami.

Ita kuwa Hajjo ba shi take kallo ba. Rajistar take kallo, shafin yau. Ta bi sunayen da ido tana ƙirgawa: ashirin da uku. Mata ashirin da uku sun fita daga ɗakin nan da kwanan watan da ba za su iya karantawa ba, wasu daga rugage masu nisan tafiyar rabin yini, kuma la'asar na yi kasuwa za ta watse. Duk don ta tsira da kujerarta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba ko ranar da aka kira ta boka.

Ta shiga ɗakin haihuwa, ta durƙusa, ta ture kwalin da ƙafa, ta fito da kwandon ta dire shi a kan tebur, a kan rajistar.

"Ga sirrin, Mushe. Ja na yara, fari na masu ciki, baƙi na tsofaffi. Ƙulli ɗaya, kasuwa ɗaya. In wanda ya turo ka ne ya ce ka nemo laya, ga ta nan, ka kai masa."

"Majo, babu wanda..."

"Ban tambaye ka ba. Maryama, kawo karnen." Ta yanke jan zare da haƙori, ta yi ƙulli huɗu, ta ɗaura. "Talata mai zuwa ki kwance na farko. Baba Modu, rufe ƙofa, kasuwa za ni. Saura ashirin da biyu."

Ta ɗauki kwandon ta fita. Mutari ya biyo ta da sauri, littafi a buɗe, yana tambaya tun yaushe ta fara, wa ya koya mata, in mace ta manta ba ta kwance ba fa? Hajjo ba ta amsa ko ɗaya ba. Har yanzu ba ta yarda da shi ba, kuma ba ta ga ranar da za ta yarda ba. A bakin rumfar masu gyaɗa ta hango mace ta farko, ta ƙwala mata kira, ta warware zaren, sannan ta juyo ta dubi littafin da ke hannunsa.

"Ajiye wannan, Mushe. Riƙe min nan, da hannu biyu."

Ya soke littafin a hammata, ya kama bakin zaren. Ta fara ƙullawa, ba ta sauri.