Jan Ƙyalle a Bakin Magudana

Tela na cikin ba shi ruwa da cokali a kan gadon jinya sai Mai Turare ya kau da baki, ya ɗaga yatsa.

"Ka ji?"

Tela ya kasa kunne. Ban da matar gidan da ke kankare tukunya a tsakar gida, bai ji komai ba, ya kuma faɗa masa haka.

"Abin da nake nufi ke nan. Injin ya tsaya."

Maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su tun suna da baƙin gashi. A matatar ruwan ƙazanta ta gari Mai Turare ya yi aikinsa, inda duk abin da ya fito daga makwarara da bayan gidan kowa ke taruwa a manyan tafkunan siminti, injuna su yi ta hura masa iska har ya washe, sannan a sake shi kogi. Tela ne ya raɗa masa sunan, don in ya taso daga aiki hanci kan riga ido sanin ya shigo layi. Shi kuwa ramuwarsa ba ta canzawa, wai rabin warin daga gidan Tela yake zuwa.

Matatar na bayan unguwa, an saba da ƙugin injunanta har ba a jin sa. In suka tsaya, ruwan kan zarce ɗanye zuwa kogi, ga mata masu wanki a gangare da 'ya'yansu suna facal-facal a ciki. Ba wanda ya sa shi, amma shekara da shekaru in haka ta faru Mai Turare yakan ɗaura jan ƙyalle a jikin shingen wayar bakin magudana, matan su hango su dakata. Wanda ya gaje shi a aikin bai san da wannan ba.

Mai Turare ya ce Tela ya je ya ɗaura. Tela ya ƙi. Likita ya riga ya gaya musu gaskiya a bakin ƙofa, kuma tun safe ƙafafun mutumin suka yi sanyi. Tela ya ce a aika wani, alhali ya san layin wayam yake, kowa ya fita nema. Tsoro yake ji, tsoron ya fita ya dawo ya tarar babu.

"Kai dai raggo ne tun asali," in ji Mai Turare, murya na fita da ƙyar. "Zamanka ba zai ƙara mini numfashi ba. Su ko yanzu za su shiga ruwan."

A shago Tela bai sami ja ba sai sabon yadin wata mata da ta kawo ɗinki. Ya sa masa almakashi ko awo bai yi ba. Ya kama hanya yana ɗingishi da gwiwarsa mai ciwo, yana zagin abokinsa a zuci, yana share ido da bayan hannu. Tun daga nesa wari ya tare shi. Ruwan na fita baƙi ƙirin, kumfa na bin sa, a can gangare kuwa mata sun fara sauke robobi. Ya ɗaura ƙyallen, ya ƙulle tam.

Nan wayarsa ta yi ƙara. Matar maƙwabcin ce. Ta ce, "Malam, ka taho a hankali. Ba sauran sauri."

Ya dafa turken siminti. Wata tsohuwa daga cikin matan ta kare rana da hannu, ta ɗaga murya tana murna.

"Ashe Mai Turare ya samu sauƙi? A gaishe shi!"

Tela ya ɗaga mata hannu kawai. Ta juya ta fizgo jikarta daga bakin ruwa. Matan suka zazzauna a kan ƙunshin wankinsu, baƙin ruwan na wucewa ta gabansu.