Sharar da Yaya Ta Yi

Tun daga bakin ƙofa Mai Ganye ta ji ƙaurin hayaki, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Gajiya ta riga ta cinye ta. Ta daɗe a asibiti tana jinyar maigidanta, tana kwana a kan benci, har ƙafafunta suka kumbura. Yau aka sallame su. Ta kama shi ya kwanta, ta jera magungunansa a bakin taga, sannan ta durƙusa ta gaida yayarsa, wadda ta zo ta riƙe musu gida da yara tun ranar da aka kwantar da shi.

"Sannu da ɗawainiya, Yaya."

"Ke ce da sannu, 'yar nan. Dubi yadda kika koma kamar sillen kara. Kafin ki zauna, leƙa lambunki ki ga aiki."

Lambun ɗan fili ne tsakanin katanga da kejin kaji. Lokacin da suka tare a gidan, ƙasarsa kamar siminti take, ko fartanya sai ta yi tsalle. Wata malamar gona ce ta koya wa matan unguwa cewa ƙasa ake ciyarwa, ita kuma ta ciyar da shuka. Daga nan Mai Ganye ta daina zubar da ɓawon kayan miya, da kashin kaji, da busasshen ganye. Ta riƙa tara su a kusurwa, tana yayyafa ruwa, tana juyawa, har su ruɓe su zama baƙin taki mai sanyi. Kan kwamin shuka kuma ta lulluɓe da ciyawa don kada rana ta shanye danshi. Ba ta sa takin zamani, ba ta feshi. Idan ƙwari sun dame ta, sai ta jiƙa ganyen darbejiya ta yayyafa. Da haka ƙasar ta yi laushi, har maƙwabta suka laƙaba mata sunan da take amsawa.

Yanzu kuwa lambun ya wuce abin sha'awa. Likita ya ce ciwon sukari ne, maigidan ya riƙa cin ganye kullum, ga shi ba ranar komawarsa tuƙi. Da wannan ɗan filin ta dogara.

Ta tura ƙyauren langa-langa, ta tsaya cak.

An share wurin tas. Babu ko tsinke. Ƙasar ta fito tsirara, ta yi fari, ta fara tsagewa, ga sawun tsintsiya a jere. Alayyahu ya sunkuyar da kai. 'Yan tumatir da ta yi reno don dashe sun kwanta kamar zare. A kusurwa, inda tarin takinta yake, sai toka da ɗan hayaki.

"Ko allura ta faɗi sai ki gan ta," in ji Yaya daga bayanta, tana dafe da ƙugu. "Wannan jujin da kika tara, jiya na cinna masa wuta. Ke, har da tsutsotsi a ciki, dogaye jajaye! Na kwashe na watsa wa kaji, suka yi ta wawa. Bayana har yanzu bai daina ciwo ba."

Mai Ganye ta nemi bokiti ta kife, ta zauna a kai. Me za ta ce? Matar nan ta bar nata gidan, ta yi wa yara wanka da wanki, ta tashe su makaranta.

"Na gode, Yaya."

"Wannan godiya ce ko ciwon haƙori? Buɗe baki ki yi magana."

"Ba juji ba ne," ta ce a hankali, idonta a ƙasa. "Taki ne. Ya kusa nuna. Da shi zan yi dashe."

"Taki? Ɓawon ayaba?"

"Shi ne abincin ƙasar. Tsutsotsin nan kuma tana ce, ita ke huda ƙasa iska ta shiga. Ciyawar da kika share, mayafin shukar ne."

Yaya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Na girma na tsufa, yau na ji ƙazanta ta zama mayafi. Ni da na ga mutane za su zo dubiya, na ce kada a ce gidan ƙanina bola ne. Ashe laifi na yi."

"Ban ce kin yi laifi ba."

"Fuskarki ta faɗa. To, abu mai sauƙi. A sayo farin takin nan na kanti a barbaɗa, su miƙe."

"A busasshiyar ƙasa haka, ƙone su zai yi. Ko sun miƙe ma, ganyen zai ƙoshi, ƙasar ta kwana da yunwa. Na sha wuya kafin ta yi laushi, Yaya. Ba ni da ƙarfin sake farawa."

Daga ɗaki maigidan ya yi tari, ya tambaya ko lafiya.

"Kwanta abinka!" Yaya ta daka masa tsawa. "Maganar mata ce."

Sannan Yaya ta sunkuya da ƙyar, ta taɓa ƙasar da tafin hannu, ta janye da sauri saboda zafi. Ta ɗaga wani alayyahu da yatsa, ya sake faɗuwa.

"Wannan ya mutu?"

"Da sauransa. In ya sha ruwa aka rufe masa gindi kafin ranar gobe, zai tashi. Tumatir ɗin dai sun tafi."

"Da me za a rufe?"

"Busasshen ganye. Irin wanda ake sharewa."

Yaya ta dube ta, ta dubi tokar. Ta ja dogon tsaki, ta shiga kicin ta fito da buhu, ta yafa mayafi ta fice.

Mai Ganye ta ɗebo ruwa ta fara bi kwami kwami, tana zubawa kaɗan kaɗan don ƙasar ta samu ta sha. Ta kan katanga ta jiyo sallamar Yaya a gidan maƙwabta, da muryar matar tela tana amsawa.

"Kun yi shara yau?"

"Mun yi, Yaya. Wani abu ya faɗi ne?"

"Ba abin da ya faɗi sai girmana. Sharar nake so. Ta ƙarƙashin mangwaron nan."

Matar tela ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke da ko ƙura ba ta kwana a gidanki?"

"Zuba mini, ke dai. Kuma in na ji zancen nan a bakin famfo, ni da ke ne."

Sai da rana ta yi sanyi Yaya ta dawo, buhun a ka, bayan ta shiga gida uku ko huɗu. Ta juye shi a tsakiyar lambun tana kawar da fuska. Suka zauna a ƙasa suna tsince leda da murafun kwalba, suna tura ganyen gindin alayyahu. Bai isa duka ba. Kwamin da ke jikin katanga haka ya kwana a buɗe, Mai Ganye kuma ba ta da ƙarfin damuwa da shi.

"Gobe gidan mai wanki zan je," in ji Yaya, tana miƙe baya tana nishi. "Matarsa ƙazama ce, za a samu da yawa."