Bene a Kan Tsohuwar Jif

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma tun da babu wanda zan ba labari a gidan nan, bari in ba ku.

Amma sai na fara da abin da yake na ido biyu, don kada ku ɗauka duka mafarki ne. Sunana Haladu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa ma'aikatan allurar shanu, daga Misau zuwa duk wata rugar da hanya ta ƙi zuwa. Da na yi ritaya aka yi gwanjon jif ɗin da nake ja, irin mai ja da ƙafa huɗun nan, na kawo ta gida. Matata Tasalla ta rasu bara waccan. Autanmu Nafi'u yana Kaduna da iyalinsa. Zuwana na ƙarshe, sai da aka kwashe jikokina aka mai da su falo don a ba ni ɗakinsu, na kuma ji matarsa tana tambayarsa a hankali, ba da faɗa ba, "Yaushe Baba zai koma?" Ban ga laifinta ba, gidan ƙarami ne. Ina dawowa na cire kujerun bayan jif, na yanke rufinta, na ƙudurta zan mai da shi kamar murfin akwati. In an tsaya a ɗaga, tamfol ya miƙe ta gefe, ga gado a sama. In za a tafi a sauke. In je da ɗakina, kada in tashi kowa daga nasa. Wata bakwai ke nan ina fama, aikin bai kammala ba.

To, a mafarkin, hantsi ne, ina tsaye a tsakar gidana. Sai ga Tanko mai walda zaune a kan bonet ɗin motar. Tanko abokina ne tun muna samari, ya rasu shekara biyar da ta wuce, amma ban ga dalilin tuna masa ba tun da yana cikin aiki. Buta ce a hannunsa. Duk inda ya tsiyaya ruwa sai ƙarfe ya kama ɗan'uwansa.

Na ce, "Tanko, ina injin waldar?"

Ya ce, "An daina walda da wuta. Tana firgita ƙarfe."

Ya nuna sama da bakin butar. "Kai kuma Haladu, ka zarce da yanka."

Na ɗaga kai. Ashe lokacin da nake yanke rufin motar, zarto ya haɗa da sararin sama. Ga gurbi nan mai kusurwa huɗu, daidai faɗin rufin, babu shuɗi babu gajimare. Wata shirwa ta zo wucewa, ta tsaya a bakin gurbin, ta kewaya.

Na ce, "Laifi ne?"

"In ka mayar kafin damina, babu wanda zai lura."

Ya tura rufin da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe, ko ƙara babu. Na ce ya sauko mu sha shayi. Ya ce ana jiransa, akwai ƙofofi da yawa a can da ba sa rufuwa. Ya bar mini butar.

Sai na gan ni a layin teloli, da naɗin tamfol a kafaɗa. Telan da na tsaya wurinsa ba ya taka keke, keken ne yake taka shi, yana ta gyaɗa kai sama da ƙasa. Ya zaro igiyar awo daga wuyansa. Babu lamba ko ɗaya a jikinta.

Ya ce, "A nan da sunaye muke awo. Su wa za su kwana a ciki?"

Na ce, "Ni."

Ya ja igiyar, ta fito kamar tsawon ɗan yatsa ta tsaya. Ya dube ta, ya dube ni.

"Baba, wannan ko hular jariri ba za ta yi ba. Ƙaro suna."

Na tsaya ina lalube. Na tuna Likita Bawa da muka yi shekara goma sha biyu muna yawon ruga tare, ya koma garinsu, lambarsa ta daina shiga. Na tuna mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci, na ga kowannensu yana da inda yake kwana. Mutane suka taru a bayana suna jiran layi. Don dai in sallami kaina na ce, "Tasalla."

Igiyar ta zubo har ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin benci, ta fita bakin titi. Telan bai tambaye ni ko tana raye ba, ni ma ban gaya masa ba. Ya ɗinka tamfol da taga biyu, ya sa musu ragar sauro.

Sai ga ni a bayan sitiyari. Na tayar da mota, na sa giya, ba ta motsa ba. A ƙasar mafarkin nan mota ba ta tafiya, garuruwa ne suke zuwa. Kai dai ka riƙe sitiyari da kyau kada ka buge su. Darazo ta zo ta wuce ta hannun dama. Bauchi ta ɗan makara, ta wuce da sauri tana ba da haƙuri. Da hanya ta yi yashi na sa giyar ƙafa huɗu, sai garuruwan suka rage gudu, har na ga wata mata tana shanya a wani ƙauye, na ɗaga mata hannu. Ba ta gan ni ba. Jos ta wuce sanye da rigar sanyi.

Bayan Jos aka tsayar da ni a shingen bincike. Balbelu ne a wurin, su shida, cikin fararen kaya tas. Na san su da kyau, rabin rayuwata a bayan shanu muka yi tare. Babbansu ya zagaya motar yana ɗaga ƙafa a hankali, ya leƙa ciki, ya ga risho da tukunya da 'yar kantar da na kafa.

Ya ce, "Malam direba, wannan mota ce ko gida?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in tana tafiya mota ce, in ta tsaya gida ce."

"Yanzu a tsaye take."

"Haka ne."

"To gida ne. Ina maƙwabcinka?"

Na ce ba ni da shi. Suka haɗa kai suka yi shawara. Babban ya dawo ya ce doka ba ta yarda gida ya hau titi babu maƙwabci ba, amma tun da sun san ni, za su ba ni aron ɗaya daga cikin na ofis.

Aka fito da shi daga bayan wata bukka. Dattijo ne kamar sa'ana, zaune a kan tabarma, da 'yar rediyo a kunne. Aka ce sunansa Malam Gambo. Aka ajiye shi daidai tagata. Da aka ɗage shinge, tabarmarsa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da motata, garuruwa suna wuce mu tare.

Ya ce, "Ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Ya gida?"

"Ga shi muna ciki."

"Madalla."

Wallahi na ji daɗi. Na daɗe ban sami wanda zan yi hira da shi a hanya ba. Na fara ba shi labarin ranar da muka tsallake Gongola da wannan motar, ruwa har ƙofa, Likita Bawa ya ɗora akwatin allura a kansa yana salati. Ban kai tsakiyar kogin ba ya ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, Malam Haladu. Ni maƙwabcin takarda ne. Gaisuwa kaɗai aka rubuta mini."

Na mai da ido kan hanya. Duk kwanar da muka sha sai ya ce, "Ya gida?" in ce, "Lafiya." Haka har Kaduna ta iso. A bakin gari ya naɗe tabarmarsa, ya ce iyakarsa ke nan, ya sa rediyo a aljihu ya juya. Na bi shi da kallo ta madubi har ya ƙanƙance.

Gidan Nafi'u ya zo ya tsaya a gefena. Baƙar ƙofar ƙarfen nan a rufe, katanga da kwalabe a kai. Na kashe mota. Na koma baya na sa kafaɗa na tura rufin, ya tashi, tamfol ya miƙe sumul, ko tattara babu. Na hau. Gadon ya yi daidai, katifar ta zauna. Wata bakwai ina jiran ganin wannan. Na zauna ina shafa ɗinkin.

Sai dai rufin bai tsaya inda ya kamata ba. Ya ci gaba da tashi a hankali, gadon yana bin sa, har na wuce katanga. Ta taga na hango tsakar gidan. Suna zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, Nafi'u da matarsa da yaran uku, suna cin abinci a tire ɗaya. Tsakanina da su bai fi taku goma ba. Har ƙamshin miyar nake ji.

Na ce, "Salamu alaikum."

Nafi'u ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe. "Baba! Ku zo ku gai da Baba." Yaran suka matso suka cusa kawunansu wuri ɗaya suna ɗaga mini hannu, kamar yadda suke yi in ya kira ni a waya mai hoto.

Na ce, "Na zo da ɗakina. Babu wanda zai koma falo."

Ya karkata kai ya toshe kunne ɗaya. "Baba, ba ma jin ka sosai. Maganar tana yankewa."

Na ɗaga murya. "Na ce ina ƙofar gida!"

"Sabis ɗinku na Misau ɗin nan. Baba, kana shan maganinka kuwa?"

Sai duk suka daskare. Nafi'u da bakinsa a buɗe, matarsa da ludayi a sama, ƙaramar da loma a hanya. Wani ɗan farin zobe ya fito a tsakiyar gidan yana juyawa. Na jira. Da suka motsa, Nafi'u ya ce, "Bari in sake kira an jima," ya miƙa yatsa ya taɓa iska. Suka juya ga tirensu.

"Ka sa rishon a inda iska za ta riƙa kashe shi."

Na waiga. Tasalla ce zaune a ɗaya ƙarshen gadon, da faifai a cinya tana tsince shinkafa, da koren ɗankwalinta na zaman gida. Ba ta dube ni ba. Dama haka take, in tana aiki da hannu ba ta kallon mutum.

Na ce, "Zan mayar da shi bayan kujera."

"Kantar ma ta yi sama. Sai ka miƙe za ka ɗauko gishiri." Ta jefar da tsakuwa ta taga. "Amma gadon ya yi kyau, Malam. Ka iya abinka."

Na ce mata in ta yarda mu wuce, motar tana da mai, za mu iya zuwa duk inda ta taɓa cewa tana son gani. Ta ce ita a nan za ta sauka, shinkafar ce ta tsayar da ita.

Na ce, "Sun ce ba sa ji na."

"Ka buga ƙofar?"

Na yi tunani. "A'a."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. "Shekara talatin kana kai mutane ƙofar gida, su shiga a ba su fura, kai kana cikin mota kana jira a aiko maka. Ranar sunan autan nan ma a mota aka same ka, kana goge gilashi. Yanzu ka tsufa, ka yi wa jiran bene."

"Ba na son in takura musu."

"Takura musu mana. Kai ka haife shi." Ta mai da kai kan faifai. "Sauka, kafin su wanke hannu."

Na zuro ƙafa. Benen ya yi nisa da ƙasa fiye da yadda na zata, sai na bi tamfol ina sauka kamar mai saukowa daga giginya, gwiwoyina suna ƙara. Na so in ɗaga kai in ga ko tana nan, na ji tsoron abin da zan gani, ban ɗaga ba. Ƙafata ta taɓa ƙasa. Na gyara hula. Na taka zuwa ƙofar, taku ɗaya, biyu, uku, kuma a karon farko tun da na shigo ƙasar nan, ni ne na tafi, ba ƙofar ce ta zo ba. Daga ciki ina jin ƙarar cokali a tire, da dariyar ƙaramar.

Na dunƙule hannu na buga. Dum. Na sake. Dum. Na ji an yi shiru a ciki, sannan na ji takun silifa yana matsowa. Ban buga na uku ba, amma ƙarar ta ci gaba da kanta. Dum. Dum. Dum.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Matar gidan da ke bayan katangata ce take dakan gero. Na kwanta ina sauraronta har ta gama, ta ƙwanƙwasa taɓarya a bakin turmi. Hannuna na dama yana kan ƙirjina, har lokacin a dunƙule.