Tambaya Sittin da Muka Amsa wa Likita

Daren Talata, ban jima da kwanciya ba, na ji wata ƙara daga bayan ɗakin girki. Ba kukan dabba ba ne, ba kuma muryar mutum sosai ba. Kamar a ce bijimin sa ya faɗa rijiya yana ƙoƙarin yin sallama. Ta yi, ta tsaya, ta sake yi. Na ɗauki tocila na fita.

Ɗana na tarar. Ya sunkuya, kansa har kafaɗu a cikin tsohon duron ruwan da ya huje, yana magana a ciki. Da na matsa kusa na fara tsintar kalmomin.

"Kai, zo nan. Wa ya ce ka taɓa wannan? Ba na son jin uzuri."

Na haska bayansa. Ya zaro kai a hankali, tsatsa ta yi masa layi a goshi.

"Da wa kake faɗa?"

"Ba kowa, Baba. Gwaji nake yi. Ba na so maƙwabta su ji."

"Ai sun ji. Har na layin baya."

Ya zauna a bakin duron ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. "Gobe mai kula da ma'aikata za ta kira mu ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Dole in yi kama da mutumin da ke cikin takardar nan."

Shekararsa arba'in da ɗaya. Goma sha huɗu daga ciki ya yi su ne yana gyaran injuna a kamfanin da ake cika lemo a kwalba. Likita suke ce masa a can, sunan ya biyo shi gida har uwar 'ya'yansa ta ɗauka. Dalilin sunan kuwa wani dogon sukudireba ne da yake yawo da shi. Sai ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya danna mariƙinsa a bayan kunne, ya rufe ido. Bayan ɗan lokaci ya ce a kashe na uku, nan da kwana biyu wani abu zai karye a cikinsa. A buɗe, a samu haka ne. Na taɓa tambayarsa me yake ji. Ya ce inji mai lafiya waƙa ɗaya yake yi, marar lafiya kuma yana ƙara wata ƙarama a ƙarƙashi. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini a wannan shekarar.

Shugaban masu gyara zai ajiye aiki ƙarshen wata, tsufa ya cim masa. Mutum goma sha biyu ne a ƙarƙashinsa, ɗaya daga cikinsu zai hau kujerar. Da a da ne, tsohon zai nuna wanda yake so, magana ta ƙare. Amma kamfanin ya kawo sabuwar mai kula da ma'aikata, ita kuma ta zo da takardar gwajin hali. Ranar Juma'a ta raba musu, ta ce su je da ita gida su cika a natse, su dawo da ita Litinin. Tambaya sittin, kowace da akwati biyar a gabanta, daga "ba ni ba ne sam" zuwa "ni ne sak". A bayan takardar an zana da'ira mai launi huɗu. Ja mai ba da umarni, rawaya mai son jama'a da surutu, kore mai haƙuri, shuɗi mai bin abu dalla-dalla. Kowa zai faɗa cikin ɗaya.

Ta ce musu babu amsar daidai, babu ta kuskure.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat. Shekara talatin na yi ina masinja, ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ban taɓa ganin takardar da ba ta da amsar da take so ba. Idan aka ce maka ka saki jiki, to a nan ne ramin yake.

Likita ya zauna da takardar tun bayan la'asar ranar Asabar. Magariba ta yi yana kan tambaya ta ɗaya: "Ina jin daɗin zama cikin taro." Biro a hannu, yana kallon akwatuna biyar. Na taɓa ganin hawainiya ta hau bargo mai zane-zane, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya cak, ta rasa launin da za ta bi. Haka ya yi.

"Wane irin taro?" ya ce. "Ba su faɗa ba."

Matarsa ta ajiye tiren abinci ta leƙa. Mace ce mai kaifi, ɗinki take yi a gida, kuma shekara biyar ke nan tana jiran ranar da tsohon nan zai tafi.

"Likita, in ka bi ta haka sai watan gobe. Kawo."

Ya miƙa mata. Haka yake tun yana ƙarami, in ka ce kawo, sai ya kawo.

Ita ke karantawa, ni ke fassara abin da suke nufi a ɓoye. Na tuna duk shugabannin da na yi wa aiki. Wanda yake jifa da fayil. Wanda ake jin tarinsa tun daga matakala kowa ya gyara zama. Babu kore ko ɗaya a cikinsu.

"Baba, ji wannan. 'Nakan yanke shawara nan take.'"

"Ni ne sak."

"Shi da yake kwana uku kafin ya zaɓi takalmi?"

"Ba takalmi suke tambaya ba, 'yar nan. Sa masa."

"'Idan aka yi mini gardama, sai na ga bayanta.'"

"Sak."

"'Aiki iri ɗaya kullum yana gundurata.'"

Nan Likita ya ɗaga kai daga kwano. "Ba ya gundurata."

"Mun sani," in ji ta. "Amma shugaba mai neman ci gaba ne. Ci abincinka."

"'Idan doka tana ɓata lokaci, nakan tsallake ta.'" Ta dube ni. Sai na tuna cewa manya ba sa bin layi, na ce ta sa akwati na biyar.

Kafin a kira isha mun gama. Mun yi dariya sosai a daren nan, har ta riƙa ce masa ranka ya daɗe tana rusunawa. A ƙasan shafin ƙarshe akwai wurin sa hannu. Ya karanta layin da ke sama da shi, leɓensa na motsi, ya dube mu, sannan ya sa hannu.

To, wannan mutumin da muka ƙera ne yake nema a cikin duro.

Ranar Laraba ya dawo da wuri. Bai cire takalmin aiki ba ya zauna a tabarmata, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa ta tsayar da keke ta fito da zare a baki.

"Yaya?"

"Ja ne. Ta ce a duk kamfanin babu wanda ya kai ni ja."

"To ai shi ke nan."

"Kore suke nema. Ko shuɗi."

Ta cire zaren daga bakinta.

Ya ba mu labarin da kaɗan-kaɗan, sai an ja. Matar ta ce masa tsohon shugaba shi ya ambata, abokan aikinsa ma bakwai shi suka ambata, har ta fara rubuta sunansa. Sai ga takarda. Ta ce mutumin da aiki iri ɗaya ke gundura, mai tsallake doka, mai yanke shawara ba tare da dubawa ba, ba ta son ganinsa kusa da injin da zai iya cire wa mutum hannu, balle ya shugabanci masu taɓa shi. Ta ce wataƙila shekara goma sha huɗu yana danne halinsa ne, kuma irin wannan wata rana fashewa yake yi. Don haka za ta taimake shi. Daga farkon wata za a mai da shi sashen talla, ya riƙa bin kantuna yana shawo kan masu saye. Gwajin wata uku. Wanda bai yi abin kirki ba, sallama.

"Ba ka ce mata komai ba?" in ji matarsa.

"Na shiga da ƙarfi, kamar yadda na gwada. Na ja kujera na zauna kafin ta ce in zauna. Na ga ta rubuta wani abu."

Ban yi barcin kirki ba. Ina ta ganinsa a ƙofar kanti, riƙe da kwalba, mai kanti yana jira ya yi magana. Wata uku. Ko kwana uku ba zai kai ba. 'Ya'ya huɗu, da ni, da keken ɗinki mai tsallake zare.

Da safe, bayan ya fita, na sa rigata ta fita unguwa na bi bayansa. Mai gadin ƙofa ya ce ba a shiga sai da kati. Na ce masa ni mahaifin Likita ne, na zo da magana a kan wata takarda. Ya yi waya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni wata hula mai tauri ya ce in sa. Na ɗora ta a kan tawa.

Ban taɓa shiga ba sai ranar. Kwalabe dubbai suna tafiya a layi a kan bel, kafaɗa da kafaɗa, suna kaɗa juna, ba mai tsere wa wata. Na so in tsaya in kalla, amma ba kallo ne ya kawo ni ba. Ofishin matar yana sama, bangonsa gilashi, ana hango komai a ƙasa. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar surukata ba. Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujera.

Na faɗa mata duka. Tire, biro, akwati na biyar. Na ce in akwai ja a gidanmu, to matarsa ce, ni kuma ban san launina ba. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo fayil, ta buɗe shafin ƙarshe, ta juyo da shi gabana.

"Baba, kana iya karanta wannan layin?"

Na iya. An rubuta: "Ni kaɗai na amsa waɗannan tambayoyi." Ga sa hannunsa a ƙasa, ƙanana-ƙananan haruffa a tsaye.

"Ni na sa shi," na ce.

"Na gane. Abin da ke damuna ke nan."

Ta aika a kira shi. Da ya shigo ya gan ni da hula biyu, fuskarsa ta yi wani iri. Bai ja kujera ba wannan karon.

"Gaskiya ne abin da Baba ya faɗa?"

"Gaskiya ne."

"Jiya me ya hana ka faɗa?"

Ya dube ni, ya mai da ido kan fayil ɗin. Ana jin kwalabe ta cikin gilashi.

"Da za ka tafi talla ke nan, ka bari a kore ka, don kada ka ce mahaifinka ya yi kuskure?"

"Ban san abin da zan yi ba," ya ce. "Ina cikin tunani."

Ta rufe fayil ɗin. Ta yi magana a hankali, har na so a ce tsawa ta yi. Ta ce maganar talla ta janye, zai ci gaba da aikinsa, don babu mai kunnensa a gidan nan. Za a sa masa takardar gargaɗi a fayil saboda sa hannun. Kujera kuwa, a'a.

Na ce, "'Yata, ba shi wata takardar ya cika a gabanki. Za ki ga kore ne shar."

"Na yarda kore ne, Baba. Ba sai ya cika ba. Amma wanda zai zauna a kujerar nan, wata rana manaja zai tsaya a kansa ya ce a tayar da inji, kaya sun makara, shi kuma ya san injin ba lafiya. Sai ya iya cewa a'a, ko da murya ƙasa-ƙasa. A teburin gidansa bai iya ba."

Ta ce wani Dogo za a ba. Na san sunan. Shekara biyar da suka wuce Likita ya koya masa riƙe sifana.

Na jira shi a inuwar bangon kamfani har aka tashi. Ban san me ya sa ba, na kasa komawa gida ni kaɗai in haɗa ido da matarsa. Muka shiga mota. Da muka sauka, muna tafiya a layinmu, na fara cewa ai ko ba komai aikin ya tsira, sai ya tsaya.

"Baba."

"Na'am."

"Kada ka sake zuwa wurin aikina."

Bai ɗaga murya ba. Na buɗe baki in kawo dalili, ya dube ni, na rufe.

Matarsa tana tsaye a ƙofar gida, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta matsa gefe. Maƙwabciyarmu mai sayar da gawayi tana kwashe shanya a kan katanga, ta leƙo da zani a kafaɗa.

"Sannunku da dawowa. Maman yara ta ce a makon nan ake faɗin sakamako. Mu shigo barka ne, ko mu ɗan jira?"