Tebur Ba Kwano a Tsakiya

Luan Deshan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Qingdao, kuma ba a taɓa jin ya buɗe baki ya ce wa wani yana ƙaunarsa ba. Matarsa Meifen ta daina jira tun kafin furfura ta fito mata. Amma kowa a gidan ya san yadda tsohon yake magana. In ya miƙa tsinkayen cin abincinsa cikin kwanon tsakiya, ya zaɓo tsoka mai kyau ya ajiye maka, to ka shiga ransa ke nan.

Kang, saurayin 'yarsu Yanli, bai taɓa samun wannan tsoka ba. Duk zuwan da ya yi gidan, sai dai tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce iskar teku za ta iya yin gaba da yaron nan. Yanli ta kafe ba za a sa ranar biki ba sai ubanta ya yarda, iyayen Kang kuma sun fara cewa an raina musu ɗa, za su nema masa wata. Abin da ba wanda ya sani shi ne Luan ya riga ya sauko. Ya ƙudurta a cin abincin Asabar ɗin nan zai ba yaron tsokarsa a wuce wurin.

Shi kuwa Kang, garin neman burge suruki, sai ya kwashe su zuwa gidan abincin Jamusawa da ke tsohon gari, cikin wani ginin dutse mai jan rufi da Jamusawan suka gina tun zamanin da. Luan ya san ginin tun ana sayar da ƙwan lantarki a ƙasansa, bai ga abin da ya canja ba sai matakalar da ta ƙara kuka. Ya zauna yana fuskantar ƙofa, ya gyara wuyan riga, yana jiran a cika tebur.

Aka kawo abinci, kowa da farantinsa kamar marasa lafiya a asibiti: soyayyen naman maraƙi, dankali, da kabeji mai tsami. A tsakiya ba komai sai kyandir da kwalbar gishiri. Luan ya tambayi yarinyar da ke kawo abincin ko sauran na tafe, ta ce iyakarsa ke nan. Mutanen da suka iya gina gidan da ya wuce shekara ɗari, a ce ba su iya haɗa hannu a kwano ɗaya ba? Daga ina zai ɗebo?

Meifen ta san mijinta kamar tafin hannunta. Ta sunkuyo ta ce, "Tsoho, bakinka dai yana nan. Faɗa masa kawai."

"Ci abincinki," in ji shi.

Ya zauna riƙe da wuƙa da cokali mai yatsu, bai taɓa komai ba. Kang ya ga haka ya ɗauka fushi ne, ya shiga ba da haƙuri, wai in Kawu ba ya so a tashi a nemi wani wuri. Yanli ta ajiye cokalinta, idanunta suka kawo ruwa. Wannan kam Luan ba zai iya gani ba.

Ya hure kyandirin ya ture shi gefe. Ya turo farantinsa tsakiya, ya janye na Meifen tana cikin kai loma, ya haɗa da na Yanli, ya shiga yanka naman kamar mai datsa katako. Sannan ya ce a kawo masa tsinkaye. Yarinyar ta ce ba sa ajiyewa a nan, amma can sai ga ta da wasu tsofaffi, wai mai dafa abincin ne ya ce a ba shi nasa, shi ma da su yake ci a bayan ƙofa. Mutanen teburin kusa suka bar hirarsu suna kallo.

Luan ya zaɓo yanka mafi kauri ya ɗora a farantin Kang. Ya ce, "Ci. Dubi wuyanka."

Da hannun ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Nama, dankali, kabejin da Kang bai iya haɗiyewa sai ya runtse ido, duk aka tula masa. Yaron ya ci yana gumi, ya sassauta bel a ɓoye, bai yarda ya ce ya ƙoshi ba. Yanli tana dariya tana share fuska da tsumman tebur. Meifen ta ce ita dai an zo da ita kallo ne, gara a biya da ita wajen mai taliya a hanyar gida.

Sai a lokacin Luan ya lura shi ma ko loma bai kai ba, ga farantan tsakiya fes. Kang ma ya lura. Ya dubi dankali guda da ya rage masa, ya cako shi, ya tallafe da hannu biyu ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, ka ci wannan."

Ba wanda ya gyara masa, ba wanda ya ce sai bayan biki ake kiran haka. Daɗi ya kama Luan har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yi gunaguni wai dankalin ya huce, ya cinye shi tas.