Ɓarawon Shanunsa

A Gummi fim ba ya yin kyau sai Sharu mai gyaran agogo ya ce ya yi. Yadda tsohon yake leƙa cikin agogo da ido ɗaya, haka yake kallon fim, ko ƙwayar gero ba ta wuce shi.

Murtala tela ne ya ɗauki fim da wayar hannu, labarin wani ɗan sa-kai da ya bi ɓarayin shanu har daji ya rama kisan wansa. Bindigogin na icce ne, jinin kuwa zoɓo. Da aka zo neman shanu, Murtala ya roƙi Ishaq, wani makiyayi da ke kawo masa ɗinki. Shanun suka ƙi bin kowa sai mai su, dole Ishaq ya naɗa rawani ya zama shugaban ɓarayi.

Tun ranar da guntun fim ɗin ya shiga wayoyi, Ishaq ya rasa sukuni. A hanyar Bukkuyum wani mai babur ya ƙare masa kallo ya ƙi ɗaukarsa. Matarsa ta dawo daga talla da ƙwaryar nononta ba a saya ba. A ƙasar da aka binne mutane da yawa, fuskar ɓarawo ba abin aro ba ce.

Ranar kasuwa bayan la'asar aka nuna fim ɗin a rumfar kallo. Ishaq ya raɓe kusa da ƙofa. Da fuskarsa ta cika allo yana kora garke, sai wasu 'yan kallo suka fara waiwaye. Wani ya ce, "Wanga ya iya abin da yawa. Ina ya koya?"

Sai Sharu ya ɗaga sanda. "Murtala, mayar da shi baya."

Aka mayar.

"Ɗana, zoɓonka na yafe maka. Gawar da ta kori ƙuda ma na yafe, zafi ake. Amma wa ya ce maka haka saniyar sata take tafiya? An kore mini bakwai a Adabka, ina kwance cikin dawa ina gani. Kuka suke, suna waiwayen gida, sai da duka. To ku dubi farar can. Lasar gwiwar hannunsa take!"

Aka sake mayarwa. Ga ɓarawo ya ɗaure fuska yana muzurai, ga farar saniya tana lasarsa, shi kuma hannunsa ya kai bayan kunnenta yana sosawa bai sani ba.

Dariya ta ɓarke har mai janareto ya leƙo.

"Baba Sharu, fim ɗin ya lalace ke nan?" in ji Murtala.

"Wa ya ce? Jarumin ya yi gudu, ya yi faɗa, na ji daɗi har raina. Amma shekara talatin ina kallo, ban taɓa ganin saniya ta ba da shaida ba sai yau. Wannan wurin kada ka yanke."

Da aka fito, wanda ya yi tambayar nan ya tare Ishaq, ya riƙe hannunsa.

"Ɓarawon shanunsa! Farar nan, tana da maraƙi?"

"Tana da ciki," in ji Ishaq.

"Allah Ya sauke ta lafiya. Ga babur ɗina can, hau in kai ka, hanyarmu ɗaya."